A Bayan Motar Baba Sallau

Mu uku ne, ni da direbobi biyu, muka yi abin da aka yi a kan hanyar Yargoje zuwa Sheme ran nan. Biyu aka yaba, ni aka kira marar kunya. Ban yarda da wannan rabon ba a lokacin, kuma yau da nake rubuta shi da hannuna ban yarda ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in aka ce in nuna mai laifi da yatsa, har gobe ban san wanda zan nuna ba. Na manta sunayen mutane da yawa da muka yi aiki tare, amma wannan yinin ya ƙi barina.

Ku da kuka shigo aikin lafiya yanzu, bari in fara gaya muku yadda muke, kada ku ɗauka irin asibitinku ne. Ɗakin shan magani ne a wani ƙauye kusa da Yargoje, ɗaki biyu da baranda. Babbanmu Malam Ɗayyabu ne, disfensa. Shi ke duba marar lafiya, shi ke allura, shi ke rubuta takarda. Ƙarƙashinsa sai ni, Hajo, atanda. Aikin atanda shi ne shara, wankin miki, riƙe yaro a yi masa allura, da duk abin da ya shafi mata. Ungozoma ce ni tun daga gida, wurin gwaggota na koya. Hukuma ta kwashe mu ta kai mu kwas na 'yan makonni, aka sallame mu da akwati mai almakashi da zare da sabulu. Karatu kuwa ban iya ba. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, kafin nan dangwala yatsa nake yi. Na ukunmu a wurin aikin shi ne Iro direba, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka zubo, kowane ofis sai ka ga sabuwar mota a ƙofarsa. Mu ma aka ba mu tamu, fara doguwa, an cire kujerun baya an sa gado. Ƙauyuka da yawa ke amfani da ita, amma wurinmu take kwana. Ƙa'idar ita ce, in ciwo ya fi ƙarfinmu, Malam zai rubuta takarda ya sa lokacin da muka tashi, mu kai marar lafiya babban asibiti a Funtuwa, can su sa lokacin da muka isa, mu dawo masa da takardar. In mace ce, atanda ke binta.

Akwai abu ɗaya kuma da yaran yanzu ba su sani ba. 'Yan shekaru kafin nan aka canja hannun tuƙi a ƙasar nan. Da ana bin hagu, aka koma bin dama. Sababbin motoci sai suka riƙa zuwa da sitiyari a hagu, tsofaffi kuma suna nan da nasu a dama, duk a kan hanya ɗaya. Ni ban san wannan ba, ban kuma damu in sani ba. A wurina mota mota ce.

Tsakiyar damina ne, dawa ta kai ƙugu, an kwana ana ruwa. Da hantsi aka kawo mana Kande matar Nomau a kan ƙyaure, maza huɗu na ɗauke da ita. Maguzawa ne daga wata unguwa bayan dutse. Haihuwarta ta shida ke nan, ta sauka lafiya tun da asuba, an bar jaririyar wurin kakarta, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa. Tsofaffin gidan sun yi nasu, sun turara mata barkono, sun ba ta kwalba ta busa, ba ta zo ba. Na wanke hannu na gwada abin da aka koya mana, ba ta zo ba. Malam ya yi mata allura, ya dubi zanen da ke ƙarƙashinta, ya ce mini wannan ba tamu ba ce. Ya rubuta takarda, ya ce in danne mararta da hannu kada in saki har sai na miƙa ta.

Haka muka tashi. Ni a baya, a durƙushe kusa da gadon, hannuna a kan mararta. Nomau a gaba kusa da Iro, ya zauna a bakin kujera kamar wanda za a kora, don bai taɓa shiga ƙaramar mota ba.

Hanyar a lokacin jar ƙasa ce har Sheme, sai can ake hawa kwalta. Da damina manyan motoci kan haƙa layi biyu da tayoyinsu, kowa cikin layin nan yake bi, dama da hagu laka ce. Ba a wuce mota sai a wasu 'yan wurare masu faɗi da ƙasa mai tauri, direbobi sun san su ɗaya bayan ɗaya. Na gaba zai raɓe, na baya ya wuce.

Ba mu yi nisa da Yargoje ba muka cim ma wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako. An labta mata buhunan takin zamani, an rufe da tamfol har ya zubo ta gefe, mutane sun hau sama sun zauna. Tafiya take tana nishi, tana baƙin hayaƙi. Na ji Iro ya rage gudu. Na saurara in ji hon, ban ji ba.

Na ce ya yi masa hon mana. Ya ce, a hankali, motar Baba Sallau ce. Na ce ko ta kakan Baba Sallau ce, ya yi masa hon ya ba mu hanya.

"Yaya Hajo, shi ya koya mani tuƙi. Ba ni yi mashi hon, ba ni wuce shi sai ya ba ni hannu."

To, ga yadda abin yake, don na bincika daga baya. A wancan zamanin ba makaranta ake zuwa a koyi mota ba. Mutum zai bi ubangida shekara da shekaru, ya wanke mota, ya ɗaura kaya, ya sa wa taya weji don kada mota ta gangara, kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Ranar da aka yaye shi, ubangidan zai sa masa albarka a gaban mutanen tasha. Daga ranar, duk inda ya tarar da motar ubangidansa a hanya, ba ya yi mata hon, ba ya wuce ta. Zai bi baya har sai ubangidan ya fito da hannu ta taga ya yafuto shi. Sun yi imani wanda ya tsallake ubangidansa ba izini ya zubar da albarkar nan, kuma ba zai kai inda za shi lafiya ba. Kowane direba yana da labarin wani da ya gwada aka kwaso shi a tabarma. Iro shekara bakwai ya yi a ƙarƙashin Baba Sallau, a cikin wannan motar da ke gabanmu.

Duk wannan ban san shi ba a ranar. Abin da na sani shi ne zanen farko ya jiƙe na jawo na biyu da hannu ɗaya.

Iro ya ce wa Nomau ya sa ido ta wajensa, in ya ga hannu ya fito daga motar gaba ya faɗa masa. Nomau ya ce to. Ban gane me ya sa direba zai sa wani ya dubo masa hannu ba, na ɗauka wani sabon iyayi ne. Nomau kuwa ya kafe ido a gaba, amma duk sanda Kande ta yi nishi sai ya waiwayo, ya daɗe yana kallonta, kafin ya tuna da aikin da aka ba shi.

Muka iso wuri mai faɗi na farko, gindin wata kuka. Babbar motar ta rage tafiya, ta rage, har ta kusa tsayawa. Na ce alhamdulillahi. Sai na ji mu ma mun rage, mun rage, mun tsaya a bayanta. Iro ya tambayi Nomau ko ya ga hannu, Nomau ya ce bai gani ba. Muka zauna. Can sai babbar motar ta yi gurnani ta ci gaba, mu ma muka bi ta.

Na tambayi Iro abin da muka tsaya yi. Ya ce tunda Baba ya rage, wataƙila ya hango wani abu a gaba, rami ko ruwa, kuma ba ya yiwuwa shi ya kutsa. Na ce ni ban ga rami ba. Ya ce ai shi ya sa Baba ne a gaba.

Kande ta buɗe ido ta tambaye ni ko mun iso. Na ce saura kaɗan. Ta ce a gaya wa kakar kada ta ba ɗiyar ruwan rijiya. Na ce za a gaya mata.

A wuri mai faɗi na biyu aka sake yin haka. Ta rage, muka rage. Ta tsaya, muka tsaya. Mutanen da ke saman kaya suna kallonmu, wani yana cin gasasshiyar masara, har ya ɗaga mana ita. Ni a nan na yanke cewa tsohon nan da gayya yake yi, wasa yake da mu. Na faɗa wa Iro haka, da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Na ce wa Nomau ya danna hon ɗin da kansa tunda matarsa ce. Bawan Allah ya miƙa hannu yana lalube a jikin mota bai san inda abin yake ba, Iro ya sa tafin hannunsa ya rufe tsakiyar sitiyarin. Na ga zufa tana bin bayan wuyansa, rigar ta manne.

"Yaya Hajo, da marar lahiya cikin mota kike so in tsallake shi? In wani abu ya same mu hwa? Don ita nike bi a hankali."

Wannan maganar ta tsaya mini. Ni ina ganin yana kashe ta, shi yana ganin ceton ta yake yi, kuma ba ƙarya a muryarsa.

Bayan wuri na uku Kande ta daina nishi. Na kira sunanta ba ta amsa ba. Na ja fatar idonta, ciki fari fat. Tafin hannunta ya yi sanyi kamar randa. Zane na uku ke nan, kuma ba ni da na huɗu sai wanda ke jikina.

Muka ƙetare wani ɗan rafi, hanya ta fara hawa. Babbar motar ta koma tafiyar da ko tsohuwa mai sanda za ta cim mata. Na kamo hannun Nomau ta saman kujera na ɗora a kan marar matarsa, ya so ya janye don kunya, na danna hannun na ce in ya ɗaga ni da shi ne. Na buɗe ƙofar baya na dira, motar tana tafiya.

Na yi gudu a cikin laka. Takalmina ɗaya ya tsaya a nan, ban waiwaye shi ba. Na bi ta gefen hagu, don a motarmu nan direba yake zama, na kai kan motar, na kama ƙofa na hau dukanta. Da na ɗaga kai sai na ga wani malami da carbi a hannu, kusa da shi wata mata rungume da kaza. Babu sitiyari a gabansu. Wallahi na ɗauka kaina ne ya juye. Mota tana tafiya, ba mai tuƙi. Na tambayi malamin ina direban, ya nuna mini can ɗaya gefen da carbinsa, bakinsa a buɗe. Ban tsaya tunani ba. Na ƙara gudu na sha gabanta, na tsaya a tsakiyar hanya na ware hannuwa.

Ta ci birki. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Wani tsoho mai farin gemu ya leƙo ta tagar dama. Abin da na ce masa shi ne ya zama abin magana a tasha har shekaru, don haka zan rubuta shi yadda na faɗa.

"Tsoho, kurma ne kai ko makaho? Mace na mutuwa a bayanka tun daga Yargoje."

Ya sauko a hankali, ya dubi jinin da ke gaban rigata, ya dubi ƙafata ɗaya ba takalmi, ya leƙa bayan motarsa. Ya tambaye ni wa ke jan farar motar. Na ce Iro. Ya ce wane Iro, nasa? Na ce ni ban san na wa ne ba. Sai ya wuce ni da sauri, na bi shi.

Muka tarar da Iro ya riga ya fito, ya tuɓe hula, ya tsuguna a cikin laka yana gaisuwa. Baba Sallau ya tsaya a kansa.

"Kai, tun gindin kuka nike ba ka hannu. Sau uku ina tsayawa. Hannuna har ya gaji. Mi kake jira?"

Iro ya ce bai gani ba, Allah ya ba Baba haƙuri, ya ci gaba da tambayar lafiyar mutanen gida. A nan ne na kama wuyan rigarsa na miƙar da shi tsaye a gaban mutane, na tura shi wajen motarsa. Wannan shi ne laifina na biyu, bayan zagin tsoho.

Sai a wannan lokacin na fahimci me ya sa aka sa Nomau gadi. Baba Sallau yana zaune a dama, hannunsa ta dama yake fitowa, wajen daji. Iro yana zaune a hagu cikin sabuwar mota, ga bodin katako mai faɗi, ga tamfol ya zubo, ga layin taya da ba ya iya fita daga ciki ya leƙa. Da motocin biyu irin ɗaya ne, da tun a gindin kuka ya ga hannun. Tsoho yana tsayawa don mu wuce, Iro yana tsayawa don tsoho ya tsaya. Kowa yana girmama kowa, mace tana zubar da jini a tsakaninsu.

Na ce to, yanzu ya raɓe mu wuce. Baba Sallau ya dube ni, ya ce motarsa ba ta tashi da makulli, sai an tura. Ga ta a kan hawa, cike da kaya, in aka sake ta baya za ta gangaro a kanmu. Kuma inda na tsayar da ita shi ne wuri mafi ƙunci a duk hanyar, gefe ɗaya kwari, gefe ɗaya gonar dawa da ruwa kwance. Ya ce da na bari ya kai saman hawan nan, akwai fili, kuma nan ya yi niyyar ya tsaya ya sauko da kansa ya ga wane ne wannan da ake ba shi hannu yana ƙi.

Ashe ni da na fito buɗe hanya, ni na toshe ta.

Amma tsohon nan bai ɓata lokaci a kaina ba. Ya sa aka danna wa motarsa duwatsu, ya saukar da duk mazan da ke saman kaya. Wasu ya tura su saro rassa. Ya sa aka ciro katakan ƙofar bayan motarsa, aka shimfiɗa a bakin gonar. Shi da kansa ya naɗe wando ya shiga laka har gwiwa yana gwada ƙasa da ƙafa. Ni na koma ciki na karɓi wurina daga Nomau, wanda ya ce mini bai ɗaga ba ko sau ɗaya, kuma na yarda, don hannunsa ya sandare. Da aka gama shimfiɗa, Baba Sallau ya zo daidai tagar Iro, ya ɗaga hannu har ya kusa taɓa masa hanci.

"Ga shi. Ka gan shi yanzu? Wuce."

Maza suka sa kafaɗa, rabi turawa rabi ɗauka, dawar mutane tana karyewa a ƙarƙashinmu, har muka koma kan hanya. Daga nan ban san Iro ya iya gudu haka ba. Muka hau kwalta a Sheme, Tafoki ta wuce kamar ba gari a wurin. Mun tashi da hantsi, muka shiga Funtuwa ana kiran azahar.

Sistar da ta karɓe mu, babbar mai jinya ta wurin, ta karanta takarda, ta dubi agogon bango, ta dube ni. Ta tambaye ni ina muka tsaya. Na ce bayan mota muka biyo. Aka wuce da Kande ciki ba ta san inda take ba. Aka fito aka ce ana son jini. Kafin a gama yi wa Nomau bayani, Iro ya riga ya naɗe hannun riga. Mutumin da ɗazu nake jin in shaƙe shi. Aka ɗebi nasa, aka ɗebi na Nomau, aka ce mu tafi, ba a san yadda za ta kasance ba tukuna.

A hanyar dawowa muka tarar da motar Baba Sallau tana nan a kan hawa, ana sauke buhuna ana jerawa a gefe don ta yi sauƙin turawa, ga yayyafi ya fara, takin mutane yana jiƙa. Iro ya fita ya kama musu. Ni na zauna a mota da rigar jini, mutane suna nuna ni.

Kafin mu isa, labari ya riga mu. Malam Ɗayyabu ya karɓi takarda ya ga tazarar da ke tsakanin lokutan biyu, kuma dole ya rubuta dalili. Ya tambayi Iro, ya ce bai ga hannu ba. Ya tambaye ni, na faɗa masa komai. Ya daɗe da biro a hannu, daga baya ya gaya mini ya rubuta cewa hanya ce ta lalace. Ya ce wa Iro Allah ya yi masa albarka, da wuya a samu mai biyayya irinsa. Ya ce Baba Sallau ya yi halin manya. Ni kuma ya ce mun shiga bakin duniya ta dalilina: na zagi dattijo a gaban fasinjansa, na ci kwalar magidanci, na tare babbar mota a kan hawa, wanda da birkinta ya ƙi da yanzu ana zaman makokina. Ya ce gobe da safe Iro ya kai ni tashar Ƙanƙara in ba tsohon haƙuri, in ba haka ba babu direban da zai ƙara tsaya mana in motarmu ta maƙale.

Daga baya na bi diddigin hannun nan, don ya hana ni sakat. Nomau ya ce shi dai ya ga wani abu ya fito sau ɗaya, kamar an yar da ɓawon rake, bai tabbata hannu ne ba, kuma ya ji nauyin ya sa direba ya yi kuskure a kan abin da bai tabbata ba. Mai gasasshiyar masara ya ce hannun yana waje tun daga kuka har rafi. Na tambaye shi me ya hana su da ke sama su yafuto mu, ya ce su fasinja ne, ba a shiga tsakanin direbobi. Wani direban kuma ya rantse mini cewa Baba Sallau ya saba jan ran fararen motocin gwamnati, don yana cewa direbobinsu ba su bi kowa ba, lasin kawai suka samu, kuma sai da ya ji sunan Iro ya tuna da zancen hannu. Shi ma wannan ya zauna mini, don na ji da kunnena ya tambayi wa ke jan motar. Amma na kuma gan shi da idona a cikin laka har gwiwa, yana ɓalle katakan motarsa don matar da bai sani ba. Ku zaɓi wanda za ku yarda da shi. Ni na gaji da zaɓa.

Kande ta rayu. Bayan mako biyu aka sallamo ta, kuma ba ta tuna komai na hanyar ba, ko tsayawar ba ta sani ba. Nomau ya kai wa Baba Sallau zakara, ya kawo wa Iro ƙwaryar ƙwan zabi. Ni ya ce a gaishe ni.

Abin da na koya a aikin nan, wanda ba a koya mana a kwas ba, shi ne ba mugaye ne suka fi jinkirta marar lafiya ba. Mugu na san yadda zan yi da shi, zan tsaya a gabansa in faɗa masa. Mutanen kirki ne ke ba ni wahala, masu jiran izini, masu jin nauyi, masu cewa ba hurumina ba ne. Ba ka da inda za ka kama su, don duk abin da suka yi daidai ne a wurinsu, kuma wani lokacin daidai ne a wurin kowa. Ni ma da na ƙi jira, ban sani ba ko na rage wa Kande lokaci ko na ƙara mata. Na tambayi likitoci biyu a rayuwata, kowanne ya ce ba ya iya sani.

Amma duk wannan daga baya ne. A safiyar da Malam ya ce in je, ban san ko Kande tana da rai ba. Na yi wanka na ɗaura zanen fita, na ari takalmi, Iro ya kai ni Ƙanƙara. Muka tarar da Baba Sallau a rumfar direbobi yana shan koko, Sarkin tasha na gefensa, direbobi sun kai goma.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce kalmar kurma da makaho da na faɗa ban kyauta ba, ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, in tashi. Ban tashi ba. Na ce saura magana ɗaya. Na ce motar da Iro ke ja ba tasa ba ce, ta masu zubar da jini ce, kuma ba zan ƙara shigarta ba in sai an leƙo hannu ta daji kafin ta wuce. Ina so ya ba Iro hannu yau, na dindindin, duk ranar da ya gan shi a hanya da marar lafiya ya yi hon ya wuce.

Wani direba ya yi dariya ya ce ba a taɓa yin haka ba. Sarkin tasha ya ce mace ba za ta zo ta gyara musu tasha ba. Baba Sallau ya ajiye ludayi, ya ce shi fa ya ba da hannu jiya, sau uku.

Na ce, "Na jiya ba wanda ya gani, Baba. Ga Iro, ga mutane. A ba shi nan inda kowa zai gani."

Na juya na kira Iro ya matso, na gyara zama a ƙasa, na ce ina jira.